“Me Ka Samu a Lamba Bakwai?”: Zullumin Lissafi Bayan an Ajiye Biro

Daga watan Mayu zuwa Yuli, daidai lokacin da manoman ƙasar Rano da Kibiya ke fama da shuka da noman fari, 'yan ajin ƙarshe na sakandare suna fama da jarrabawar WAEC, suna gamawa su faɗa ta NECO. A cikin ranakun nan akwai guda ɗaya da ta fi sauran nauyi a zuciyar ɗalibi, wato ranar lissafi. A kowace makarantar karkarar kudancin Kano, da zarar an karɓi takardu sai ka ga yara sun yi gungu-gungu a gindin bishiya da bakin ƙofar makaranta, kowa na tambayar ɗan'uwansa: “Kai, me ka samu a lamba bakwai?” Wani ya ce C ya zaɓa, uku su ce B ce, nan take fuskarsa ta sauya. Wata ta ji amsar ƙawarta ta bambanta da tata, ta kama hanyar gida ko sallama babu.

Manya kan ɗauki wannan a matsayin yarinta. Amma idan aka duba da kyau, a wannan taron ne yara da yawa ke yanke wa kansu hukuncin faɗuwa, wata biyu ko uku kafin hukumar jarrabawa ta ce uffan. Tsoron da ke kai su taron yana da tushe. Ma'aunin da suke aiki da shi a wurin ne ba ya auna abin da masu duba takarda ke aunawa.

Me ya sa lissafi ya fi ban tsoro?

Tsawon shekaru ƙa'idar shiga manyan makarantu a Najeriya ita ce kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Kiredit kuwa yana farawa ne daga C6 zuwa A1. Yaron da ya ci A1 a Hausa da Addinin Musulunci da Aikin Gona, ya samu D7 a lissafi, a idon Jami'ar Bayero ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil sakamakonsa bai cika ba ga yawancin kwasa-kwasai. Haka abin yake ga mai son makarantar koyon aikin jinya ko fannin kimiyya a kwalejin ilimi. Tsakanin D7 da C6 taki ɗaya ne, amma takin nan kan cinye shekara guda ta rayuwar matashi.

A watan Oktoba na 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sassauta wannan sharaɗi ga masu neman kwasa-kwasan adabi da zane-zane a jami'a, sai dai ta biyo baya da bayanin cewa har yanzu dole kowane ɗalibi ya yi rajistar lissafi ya kuma rubuta shi. Ga mai burin likitanci, injiniyanci, aikin gona, akanta ko ilimin kwamfuta, babu abin da ya sauya.

Ɗan makarantar gwamnati a Kano yana da ƙarin shinge tun kafin nan: jarrabawar kwalifayin da jiha ke shiryawa, wadda a kanta gwamnati ke dogara wajen zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Sharuɗɗanta kan sauya daga wannan gwamnati zuwa waccan, amma abin da ba ya sauyawa shi ne wanda bai tsallake ba, nauyinsa ya koma wuyan mahaifinsa. A gidan da kuɗi ba sa shigowa sai an kai buhun masara ko gyaɗa kasuwa, kuma jarrabawar ta faɗo daidai lokacin sayen taki, biyan kuɗin rajista karo na biyu ba ƙaramin abu ba ne. Yaro ya san wannan sarai. Ya ga akuyar da aka sayar. Yarinya kuma ta san cewa a gidaje da dama, idan sakamako bai yi kyau ba, maganar sake zama ba za ta taso ba, wata maganar ce za ta biyo. Don haka idan ta tambayi ƙawarta amsar lamba bakwai, abin da take son sani shi ne ko karatunta zai ci gaba.

Yadda ake raba makin

Abin mamaki shi ne ɗalibai ƙalilan ne aka taɓa zaunar da su aka yi musu bayanin yadda ake duba takardarsu. Lissafin WAEC kashi biyu ne. Takarda ta farko tambayoyin zaɓi ce, waɗanda yara ke kira objektif: tambaya 50 cikin awa ɗaya da rabi, kowace da maki ɗaya. Takarda ta biyu, tiyori, tana da tambayoyi 13 cikin awa biyu da rabi. Biyar na farko dole ne, suna ɗauke da maki 40; daga cikin takwas ɗin da suka rage ɗalibi ya zaɓi biyar, su kuma maki 60. Jimilla maki 150 ke nan, kuma kashi biyu cikin uku suna ga tiyori. Bayan haka akwai makin ayyukan aji da makaranta ke aikawa, wanda ke ɗaukar kashi 30 cikin ɗari na sakamakon ƙarshe. Tambayar zaɓi guda da aka yi minti goma ana musu a kanta a bakin ƙofa, maki ɗaya ce cikin 150.

A tiyori kuwa, masu dubawa ba amsar ƙarshe kaɗai suke nema ba. Jadawalin ba da maki yana rarraba kowace tambaya mataki-mataki: akwai makin hanya, wanda ake bayarwa don ɗalibi ya bi dabarar da ta dace, akwai kuma makin daidaito, wanda ake bayarwa idan lambar da ta fito ita ce ake nema. Makin daidaito ya rataya ne a kan na hanya. Idan ba a ga aikin ba, lambar da aka rubuta ita kaɗai ba ta cika yin amfani ba.

Mu ɗauki misali. An ce gwangwani ne, daga tsakiyar bakinsa zuwa gefe santimita 7, tsayinsa santimita 10, a nemo yawan abin da cikinsa zai ci, a yi aiki da 22 bisa 7. Amsa ita ce 1540. Ɗalibi na farko ya rubuta fomula, ya zuba lambobi, ya samu 1540, ya sa ma'auni: ya kwashe makin duka. Na biyu ya yi aikin daidai, amma garin sauri ya rubuta 1450: makin hanya nasa ne, na daidaito kaɗai ya rasa. Na uku ya yi aiki da 3.142, ya samu 1539.6: ya nuna ya san hanyar, ya dai saɓa umarni. Na huɗu ya leƙa takardar maƙwabcinsa ya kwafo 1540 tsurarta, babu layi ɗaya na aiki. A taron bakin ƙofa, na huɗu ne zai riƙa washe baki, na biyu kuma ya koma gida yana jin ya zubar da tambayar gaba ɗaya. A teburin mai dubawa, na biyun ne a gaba.

Wannan shi ne babban kuskuren kwatanta amsa: yana duba ƙarshen aiki, alhali mafi yawan makin yana cikin tsakiyarsa.

Haruffan da ba su zo ɗaya ba

A ɓangaren objektif ma kwatancen ya soma rasa ma'ana. A 2025 WAEC ta shigo da tsarin sassauya jerin tambayoyi a darussa huɗu: lissafi, Turanci, ilimin halittu da tattalin arziki. Ma'ana, yara biyu na zaune a benci ɗaya, amma lamba bakwai ta wannan ba lallai ta zama lamba bakwai ta wancan ba. An yi haka ne don daƙile satar amsa, sai dai ya kuma mayar da “ni B na zaɓa” zancen da ba ya tabbatar da komai. A jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, dama haka abin yake: ana zama a ranaku da lokuta daban-daban, tambayoyin ba ɗaya ba. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 40 daga ciki na lissafi ga wanda ya zaɓe shi, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya idan aka raba daidai. Wanda ya yi irin wannan tsere, da wuya ya fito yana tune da abin da ya danna a kowace lamba.

Mantuwa ita ce matsala ta biyu. Bayan awanni ana lissafi, kai ya ɗau zafi, yaro kan tuna amsar da ya fara samu ya manta cewa ya goge ta, ko ya ji wata lamba a bakin wani ya ɗauka ita ya rubuta. Ta uku ita ce rinjayen murya. A kowane gungu akwai wanda ake wa kallon gwani, idan ya faɗi amsa ta zauna. Amma masu shirya tambayoyin zaɓi da gangan suke saka amsoshin tarko, wato ainihin lambar da mutum zai samu idan ya yi kuskuren da aka fi yi, kamar manta alamar ɗebewa ko juya kasafi. Saboda haka a tambaya mai wuya, amsar da mafi yawa suka zaɓa tana iya zama ita ce tarkon. Yarinyar da ta tsaya ita kaɗai da C, wataƙila ita kaɗai ta ci.

Yanzu kuma taron ba ya watsewa da la'asar. Yana bin yara har ɗaki ta WhatsApp da Facebook. Ana turo hotunan wasu amsoshi da aka rubuta da hannu, a ce su ne sahihai. Ba wanda ya san wa ya warware su, da yawansu kuma daga masu sayar da satar amsa suke, mutanen da kuɗi suke nema ba daidaito ba. Yaron da ya yi aikinsa da guminsa sai ya kwana yana auna kansa da takardar da ba ta da uba.

Abin da 2025 ta koyar

Ba adalci ba ne a ce wa ɗalibai su kwantar da hankali kawai don hukuma ba ta kuskure. Shekarar 2025 ta nuna tana yi. A farkon watan Agusta WAEC ta fitar da sakamakon ɗalibai 1,969,313, ta ce kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne. Ƙasa ta ɗauki ɗumi. Bayan 'yan kwanaki shugaban ofishin hukumar a Najeriya, Dokta Amos Dangut, ya fito ya ba da haƙuri, ya ce an samu tangarɗa wajen duba takardun da aka sassauya jerinsu, musamman objektif na Turanci. Da aka gyara, adadin ya tashi zuwa kashi 62.96. Ɗaruruwan dubban yaran da suka kwana suna kuka a kan faɗuwa, ashe sun ci.

Watanni uku kafin nan JAMB ta shiga irin wannan hali. Fiye da mutum miliyan 1.5 cikin kusan miliyan 1.95 suka samu ƙasa da maki 200 cikin 400. A ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya amsa cikin hawaye cewa matsalar na'ura ta shafi mutum 379,997 a Legas da jihohin kudu maso gabas, aka sake musu jarrabawa.

Darasin da ke nan biyu ne. Na farko, ko sakamakon da hukuma ta buga yana iya sauyawa, balle wanda aka yanke a gindin darbejiya. Na biyu, abin da ya tono waɗannan kura-kurai shi ne ƙorafin iyaye, malamai da makarantun da suka san ƙoƙarin yaransu, suka ga sakamakon bai yi kama da su ba. Makarantar da ke ajiye makin jarrabawar gwaji da na zangon karatu tana da hujjar da za ta riƙe idan ta je ƙorafi. Wadda ba ta ajiye komai ba, sai dai ta ce Allah ya isa.

A watan Satumba na 2025 NECO ta sanar cewa Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ɗalibai 68,159. An yi murna, kuma abin murna ne. Amma Kano ta fi kowa yawan masu zama jarrabawar, kuma wannan adadi kusan rabinsu ne. Ke nan a cikin kowane yara biyu da ke musun amsa a bakin ƙofa, ɗaya na iya fitowa da giɓi. Fargabarsu ba ta banza ba ce.

Ɓarnar da taron ke yi

Takardar da aka miƙa ta tafi, bakin alƙalami ya bushe. Abin da kwatancen zai iya taɓawa shi ne takardar da ke tafe. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da nuna cewa fargabar lissafi tana cinye wani ɓangare na hankalin da mutum ke buƙata don riƙe lambobi yayin da yake aiki da su. Mai tsoro yakan yi ƙasa da iyawarsa ta gaskiya. Mafi muni shi ne kwatancen da ake yi a ɗan hutun da ke tsakanin takardun lissafi biyu. Yaro ya fito daga ta farko, cikin minti biyar an gamsar da shi cewa ya faɗi, ya koma ta biyu gwiwa a sace. Haka wanda ya karaya da lissafin WAEC kan shiga na NECO da rabin zuciya, alhali ita ce damarsa ta biyu, kuma makarantu da dama suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe.

Akwai kuma ɓarnar da ba a cika lura da ita ba. Idan abin alfahari a bakin ƙofa shi ne amsarka ta zo ɗaya da ta jama'a, to darasin da ƙannen da ke aji biyu ke ɗauka shi ne a nemi amsar jama'a ta kowace hanya. Daga nan ake fara tara kuɗin “taimako” da neman makarantar da ake buɗe wa yara littafi. Hukumomin jarrabawa kuwa suna riƙe sakamakon cibiya sukutum idan suka ga amsoshi iri ɗaya har da kuskure iri ɗaya, mai laifi da marar laifi su sha tare.

Iyaye ma suna da nasu kason. Tambayar “Yaya, ka ci?” tun yaro bai cire takalmi ba tana tura shi ya nemo tabbacin da ba wanda ke da shi. Uban da ya ce, “Sannu da ƙoƙari, me ya rage gobe?” ya fi taimakon ɗansa.

A dawo da musun gaban jarrabawa

Duk da haka, kuskure ne a ce yara su daina tattauna lissafi. Yaran da ke jayayya a kan dalilin da ya sa amsa ta zama 1540 suna yin abin da kowane malamin lissafi ke fata. Lokacin ne bai dace ba, kuma tambayar ce ta karkace. A zangon farko da na biyu na ajin ƙarshe ya kamata a yi wannan musu, a kan tambayoyin shekarun baya, kuma tambayar ta tashi daga “me ka samu?” ta koma “ta ina ka bi?”

Malami zai iya yin abu guda mai sauƙi da ba ya buƙatar kasafin gwamnati: ya ba da tambaya, ya rubuta rabon makinta a allo, ya sa yara su yi musayar littafi su duba wa juna mataki-mataki. Ɗalibin da ya taɓa ba wa abokinsa maki huɗu cikin biyar duk da amsar ƙarshe ta kuskure, ba zai sake jin duniya ta tashi don lambarsa ta bambanta ba, kuma zai daina barin tambaya fayau don bai san ƙarshenta ba. WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu, kuma kusan kullum raunin da suke ambata iri ɗaya ne: kasa mayar da tambayar da aka yi da zance zuwa lissafi, gudun tambayoyin da'ira da kusurwa, gaggawar taƙaita lamba tun aiki bai ƙare ba, da ƙin bin umarnin tambaya. Malaman Rano da Kibiya da ke zuwa aikin duba takardun WAEC da NECO sun san waɗannan abubuwa ciki da bai. Abin da ya rage su zauna da takwarorinsu na makarantun ƙauye su raba musu.

Rauni na farkon nan ya cancanci a tsaya a kansa, domin rabinsa matsalar harshe ce. Yaron da ke lissafin kuɗin buhu goma sha biyu da ka a kasuwar Rano, ya cire kuɗin mota da la'ada bai yi tuntuɓe ba, shi ne ke tsayawa cak idan aka kawo masa wannan lissafin cikin dogon Turanci. Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: malaman zaure suna raba gado da fitar da zakka da kasafi mai sarƙaƙiya, kuma tun a 1732 Muhammad ibn Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan jadawalin lambobin da kowane layinsu ke ba da jimilla ɗaya. Malamin da ya warware ma'anar tambaya da Hausa, sannan ya koya wa yara kalmomin Turancin da jarrabawa ke maimaitawa, ya rage musu rabin tsoro. Dokar ta-ɓaci a kan ilimi da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana a watan Yuni na 2024 za a auna ta a irin wannan wuri: ko makarantar ƙauye ta samu malamin lissafi ƙwararre da zai zauna, ba wanda za a turo ya nemi canji zuwa birni bayan zango ɗaya ba.

Ga ɗalibin da ke cikin jarrabawa yanzu, shawarar gajeriya ce. Ka rubuta kowane mataki, ka sa ma'auni, kada ka bar tambayar dole ba ka taɓa ba. Idan ka fito, ka wuce gungun, ka kashe datar wayarka, ka buɗe littafin darasin gobe. Idan sakamako ya fito bai yi kama da ƙoƙarinka ba, ka kai ƙorafi ta hannun shugaban makaranta. Idan kuma giɓin na gaskiya ne, akwai zaman masu zaman kansu da WAEC da NECO ke shiryawa, inda za ka cike darasin da ya rage ba tare da maimaita aji ba. Shugabannin makarantu su ma su faɗa wa iyaye wannan tun a taron farkon shekara, domin uba ya san D7 a lissafi gyara take buƙata, kuma ya tanadi kuɗin gyaran tun da kaka, lokacin da rumbu ke cike.